Katakon Madacin Baba

Shagon Baba rumfa ce ta kwano a wani lungu da ke bayan Titin Kotu, a Gyaɗi-Gyaɗi. Kafinta ne, kafinta ya haife shi. A ƙuryar rumfar, bayan tarin ɓarɓashin katakon da muke kwasa mu kai wa Inna ta hura wuta, akwai falankai shida na madaci a jingine, an lulluɓe su da tsohon buhu. Babu yaron shagon da ya isa ya taɓa su. Tun Yaya tana aji huɗu na firamare Baba ya fara sayen su a 'Yan Katako ta Na'ibawa, ɗaya bayan ɗaya, duk sa'ad da aiki ya yi albarka. Gadon aurenta ne. A Kano kayan ɗaki nauyin uba ne, kuma uban da sana'arsa ke nan ba zai so 'yarsa ta tare a kan gadon da wani ya haɗa ba. Lokaci-lokaci yakan yaye buhun ya shafa katakon da tafin hannunsa, ya ce madaci ba a yi masa gaggawa, sai ya bushe har ciki.

Yana da wata al'ada kuma. Duk abin da ya gama, kujera ce ko akwati, sai ya kifa shi ya yi wata 'yar alama da jan fensir a inda ido ba ya kaiwa, layi biyu da ɗigo a tsakiya. Ya ce in abu ya karye a san wanda za a zaga, in ya daɗe a san wanda za a yi wa addu'a.

Ina da shekara goma sha biyu a 1993, kuma ni ne ɗan aiken soyayyar Yaya. Mai son ta malamin firamare ne a Tarauni, siriri, mai keke da farar riga guda biyu da yake sauyawa. Duk unguwa Malam ake ce masa. Ranar Alhamis da Lahadi bayan isha'i yakan jingine kekensa a ƙofar gida ya aika a yi sallama da ita. Ni nake shimfiɗa tabarma a zaure, in ajiye fitilar ƙwai, in zauna nesa kaɗan inda Inna ta ce in zauna, kusa yadda zan gan su, nesa yadda ba zan ji komai ba. Ina jin komai. Mafi yawan hirar a kan littattafai ce. Zamanin littattafan soyayya ne a Kano, ana hayar su a shaguna kwana ɗaya ko biyu, 'yan mata suna karɓa hannu da hannu. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zaga gidanmu har bangonsa ya cire, haka Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu. Inna takan ce littattafan nan za su lalata yara, amma na sha kama ta ta dakata da tankaɗe tana sauraro in Yaya na karanta wa ƙawayenta.

Sauran ranakun wasiƙa ce. Nakan tsallaka Titin Zariya da takarda a aljihun wando, in bi ta lunguna har Tarauni, in tsaya a bakin tagar ajinsa sai ya hango ni. Ladana alewa ce, wani lokaci naira ɗaya.

Masu cewa Bahaushen da bai san so ba, ba su zauna a zaure ba. Al'ada ta san da shi sarai, har ta yi masa wuri da lokaci: dandali, zance, toshin salla, tsaraba. Abin da ba ta ba shi ba shi ne magana ta ƙarshe. Wannan ta iyaye ce, domin a ganinsu aure haɗa gida biyu ne, kuma yaro bai san wuta ba sai ya taka. Sau da yawa abin yana tafiya daidai, domin iyayen kirki sukan duba inda zuciyar 'yarsu ta karkata su sa albarka a nan. Haka namu ya fara. Magabatan Malam sun zo, sun kawo kuɗin na-gani-ina-so, sun kawo gaisuwar uwa da uba, an karɓa. Saura sa rana. Baba ya ce a bari ya gama wani babban aiki da ya samu, ya sami abin yi wa yarinya kayan ɗaki na fita kunya.

Aikin kwangila ce, amma ba tasa ba. Wani Alhaji ne a Tarauni, mai gidan sama da mota Fijo, ya samo takardar yin bencina da tebura na makarantun firamare daga wata ma'aikata. Alhaji bai taɓa riƙe zarto ba, kuma ba abin mamaki ba ne a lokacin. Kwangila ta wanda ya san wani ce. Wani ma in ya samo takardar a bakin ƙofar ma'aikatar zai sayar da ita, wanda ya saya ya sake sayarwa, kafin ta iso hannun mai guduma ta bi hannu uku, kowa ya yagi rabonsa. Alhaji dai bai sayar ba, ya kira Baba. A zaurenmu aka yi cinikin, a kan tabarmar da Yaya take zance. Babu takarda, babu sa hannu. An yi tsada, an shafa fatiha, Alhaji ya ba da ɗan abin kafin alƙalami, ya ce sauran sai gwamnati ta biya, wata ɗaya ko biyu.

Baba ya ɗauko katako bashi a Na'ibawa, ƙusa da ƙarfe bashi a Ƙofar Ruwa, ya ƙara yara huɗu. Wata biyu lungunmu bai san shiru ba. Bencina suka cika rumfa suka fito titi, har mata masu kai niƙa sai sun yi ratse. Kowane ɗaya sai da Baba ya kifa shi ya sa masa alamarsa. A watan Oktoba aka zo da tirela aka kwashe.

Ranar 17 ga Nuwamba 1993 soja suka sake karɓar mulki, gwamnonin farar hula suka sauka. Mu yara abin da muka sani kiɗan soja a rediyo. Abin da Baba ya sani shi ne duk takardar biya da ke kan tebur ta tsaya, sai an kafa kwamiti ya tantance. Wata biyu ya zama shida, shida ya zama shekara. Kuma shekarun ba na jira ba ne: man fetur ya yi wuya, kaya na tashi kullum, har a 1995 hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin ɗari. Kuɗin da ake bin Baba yana girma, domin mai katako da farashin yau yake lissafi, kuɗin da Baba yake bi kuwa yana zaune a fayil yana narkewa kamar ƙanƙara.

Ina tuna mai katakon. Dattijo ne, bai taɓa ɗaga murya ba. Da safe zai zo ya zauna a kan kututture a ƙofar shago, ya gaisa da Baba, ya ciro carbi. Haka zai zauna har azahar, kowa ya wuce ya gan shi, kowa ya san abin da ya kawo shi. Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Baba ya daina cin abincin rana a shago, don ba zai iya ci a gabansa ba, ba zai kuma iya cewa bismilla da abincin da yake ganin da kuɗin mutumin aka dafa ba.

Rana ɗaya ya ɗauke ni a keke muka je ma'aikatar da kanmu. Muka zauna a baranda tun hantsi. Wani masinja mai kirki ya shiga ya duba, ya fito ya durƙusa a gaban Baba, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, sunanka ba ya cikin fayil ɗin nan. Gwamnati Alhaji ta sani." A hanyar dawowa Baba bai hau keken ba, tura shi ya yi, ina biye.

Ba zan zalunci Alhaji ba, yana kabari. Shi ma ba a biya shi ba, kuma da ya ji halin da ake ciki ya zo da kansa ya sallami mai katako da mai ƙusa daga aljihunsa, ya ce rance ne, in kuɗi sun fito a cire. Inna har da kuka don godiya. Bayan sati uku ya aiko aminansa biyu da daddare. Ni na kai musu ruwa, na laɓe a bayan ƙyaure. Suka yi ta kewaye-kewaye a kan zumunci da yadda Alhaji yake ganin mutuncin gidan nan, sannan ɗaya ya ce Alhaji ya ga yarinyar nan ranar da ya zo, yana so a ƙara ƙarfafa abin da ke tsakani. Babu wanda ya ambaci bashi. Ba a bukatar ambatonsa, yana zaune a kan tabarmar tare da su. Baba ya ce ai an karɓi gaisuwar wasu. Suka ce ai ba a sa rana ba. Ya yi shiru mai tsawo har na ji ƙarar fitila, sannan ya ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Suka ce amin, suka shafa.

Shi ke nan. A nan aka ɗaura auren Yaya, duk abin da ya biyo baya sanarwa ce.

Gwaggo aka sa ta faɗa mata. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito ta ce yarinya ta yi shiru, shiru kuwa yarda ce ga budurwa. Ni da nake kwana a ƙofar ɗakin na san irin shirun. Daga baya da na yi karatu na gane cewa a mazhabar Malikiyya uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa, amma malamai sun ɗora wannan iko a kan maslahar yarinyar, ba a kan fitar da uba daga ƙangi ba. Baba ya san haka, ba jahili ba ne. Ina jin ya lallashi kansa da cewa gidan Alhaji akwai ci da sha, albashin malamin firamare kuwa a shekarun nan ba ya zuwa a kan kari. Amma bai ƙara haɗa ido da Yaya ba har ta bar gidan.

Kawu ne ya mayar da kuɗin gaisuwa a ƙulle cikin hankici. Ni kuma na kai wasiƙar ƙarshe. An tashi yara, Malam yana zaune shi kaɗai a aji. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihun gaba. Sai ya ce in zo in ga wani abu. Ya kama benci ɗaya ya kifa shi, ga layi biyu da ɗigo da jan fensir. Ashe ajinsa na cikin waɗanda aka kai wa. Ya ce, "Shekara guda yarana suna zaune a kai, ko ƙusa ɗaya ba ta motsa ba. Ka gaishe da Baba, ka ce ban riƙe shi ba." Ya mayar da bencin, ya ba ni naira ɗayata kamar kullum. Ban iya kashe ta ba.

Alhaji ya aiko cewa kada a wahala da kayan ɗaki, ya riga ya shirya komai. Baba ya ce ban da gado. Ya yaye buhun nan, ya yi sati biyu yana aiki da daddare bayan yara sun tashi, shi kaɗai da fitila. Ban taɓa ganin ya yi aiki irin wannan ba, ban kuma ƙara gani ba. Ya goge madacin har yana ɗaukar ido, ya sassaƙa allon kai da hannu, bai sa ƙusa ko ɗaya a inda za a gani ba. Da ya gama na jira in ga ya kifa shi ya sa alama. Bai sa ba.

Ranar ɗaurin aure komai ya cika. Waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, an faɗi sadaki lakadan, shaidu sun cika lungu har titi, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da na nesa, an raba goro da alawa. Duk wanda ya zo daga wani gari ya tsaya a wurin zai rantse bai taɓa ganin auren da ya bi ƙa'ida kamar wannan ba.

Kuɗin bencin sun fito a 1996. Da aka cire rance, abin da ya rage bai kai ya sayi katakon benci ashirin ba.

Allah da ikonsa, abincina ya zo ya faɗa a sashen saye-saye da kwangila na wata hukumar gwamnatin tarayya. Na shiga aiki a daidai lokacin da ake ta maganar gyara. Binciken da aka yi da taimakon Bankin Duniya a farkon mulkin farar hula ya nuna cewa kusan kwabo 60 na kowace naira da gwamnati ta kashe yana zurarewa ta hanyar maguɗin kwangila. Gwamnatin Obasanjo ta buɗe ofishin bin ƙa'ida a fadar shugaban ƙasa, wanda Oby Ezekwesili ta shugabanta, sannan a watan Yunin 2007 Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar kwangilar gwamnati, aka kafa hukumar BPP mai sa ido a kan bin dokar. Na karanta dokar nan kamar mai neman sunansa a takardar gado. A tallata aiki a jaridun ƙasa aƙalla biyu. A buɗe takardun masu nema a bainar jama'a, a gabansu, a karanta farashin kowa. A ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma ya fi sauƙin farashi. Kuɗin kafin alƙalami kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari, shi ma sai da lamunin banki ko kamfanin inshora, daga baya a 2020 aka ɗaga shi zuwa 30. Da na iso inda aka ce in biya ya wuce kwana 60 bayan an miƙa takardar kammala aiki to jinkiri ne, kuma akwai ƙarin kuɗi a kan gwamnati, sai na ajiye littafin na fita waje. Kwana sittin. Baba ya jira fiye da shekara biyu.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa da dokar nan tana nan a 1993 da Yaya ta auri Malam. Yanzu na daina. Da farko dokar ta ayyukan tarayya ce, da waɗanda tarayya ta zuba aƙalla kashi 35 na kuɗinsu. Kano sai a 2021 ta yi tata. Kuma ko da tana nan, kafin mutum ya nemi aiki sai yana da rajistar kamfani da shaidar biyan haraji ta shekara uku da sauran takardu, Baba kuwa abin da yake da shi zarto ne da suna mai kyau a Na'ibawa. Da sai dai ya sake fakewa a bayan wani Alhajin. Doka tana kare wanda sunansa ke cikin fayil. Maganar masinjan nan har gobe ita ce hukuncin: wanda ya karɓi aiki a hannun ɗan kwangila ba shi da abin da zai bi gwamnati, sai dai ya bi wanda ya ba shi. Kafintoci da magina da masu walda na Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku da Hotoro, waɗanda da hannunsu ake yin aikin, mafi yawansu har yau da fatiha suke ƙulla ciniki.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai. Na zauna a wurin buɗe takardu ba sau ɗaya ba. Zaure ya cika, akwati a kulle a kan tebur, a buɗe shi a gaban kowa, a karanta suna da farashi da ƙarfi, kowa ya sa hannu a rajista. Sau da yawa gaskiya ce ake yi, na shaida, kuma na ga ƙananan kamfanoni da ba su san kowa ba sun ci aiki saboda dokar nan, abin da ba ya yiwuwa a zamanin Baba. Amma akwai ranakun da ina zaune sai in ji ƙamshin goro da alawa. In duba fuskokin mutane in gane cewa an riga an gama magana da daddare a wani zauren, mu shaidu ne kawai aka tara. A irin ranakun nan nakan ƙi sa hannu in na sami hujja, in ban samu ba in koma gida in kasa cin tuwo.

Yaya ta yi shekara goma sha biyu a Tarauni, ita ce matar Alhaji ta uku. Ba a dake ta ba, ba a bar ta da yunwa ba, ta haifi uku. In ka tambaye ta sai ta ce alhamdu lillahi, daga nan ba ƙari. Harkokin Alhaji sun ja baya da aka sauya masu riƙe da ma'aikatu, ya rasu da 'yan basussuka, aka raba gida, ta dawo Gyaɗi-Gyaɗi da 'ya'yanta da gadon madaci. Baba ya riga shi tafiya da shekara biyu. Malam kuwa tuni ya yi aure, an mai da shi wata ƙaramar hukuma, mukan gaisa a wurin jana'iza.

A 2012 gwamnatin Kwankwaso ta fara auren zawarawa ta hannun Hisbah, lokacin Sheikh Aminu Daurawa yana shugabanta, aka fara da mata ɗari. Gwamnati ke biyan sadaki, ta ba da gado da katifa da ɗan jari, a yi gwajin lafiya kafin a ɗaura, kuma miji ba zai yi saki ba sai an koma gaban hukumar. A lokacin wani tela a bakin kasuwar Tarauni, wanda matarsa ta rasu, yana kai wa Yaya ɗinkin wuyan riga tana yi masa a gida. Shekara guda suna haka. Ita da kanta ta kira ni ta ce, "Ƙanena, ka raka ni ofishin Hisbah a Sharaɗa." Suna cikin 1,111 da aka ɗaura wa aure a watan Disambar 2013.

A wurin tantancewa wata jami'a ta kai ta gefe, ban da shi, ban da ni. Da ta fito idonta ya yi ja. A cikin a-daidaita-sahu muna dawowa, mun kusa shataletalen Dangi, ta ce, "Ka san me ta tambaye ni? Cewa ta yi, Hajiya, ke kina son sa?" Ta gyara mayafinta. "Shekarata talatin da bakwai. Na ce mata e. Sai ta ce in ƙara faɗa da ƙarfi, ba ta ji ba."

Gadon madacin ta ba babbar 'yarta, ta ce ita a na gwamnati za ta tare. Ranar jere ni na taya ɗaukar gadon gwamnatin daga mota. Farin katako ne, an shafa masa fenti mai ruwan ƙasa, aikin sauri, irin wanda ake yi ɗari-ɗari a kan wa'adi. Da mata suka fita ɗauko labule na durƙusa na leƙa ƙarƙashinsa. A jikin sandar tsakiya wani ya rubuta lamba da alli, 46, ya ja layi a ƙasanta. Na tsaya ina kallon rubutun, ina tunanin a wace rumfa aka yi shi, da bashin wa aka ɗauko katakon, ko an sallami mai shi. Yaya ta leƙo ta ce me nake nema a ƙasa. Na ce ƙusa ce ɗaya ta ɗan fito, a miƙo mini guduma.